Mota Mai Tabo a Gaban Mai Haraji: Lacca Kan Rajistar Motar da Ta Yi Hatsari a Ailan

 

Maganar da zan yi yau ta shafi aljihunmu, ta kuma shafi rayukanmu. Da wuya a zauna a majalisar 'yan uwa a ƙasar nan ta Ailan ba a ji wani yana kukan harajin rajistar mota ba, wanda kowa ya sani da VRT. Kukan ya fi zafi a bakin wanda ya hango mota mai araha a gwanjon intanet na Ingila, wadda ta yi karo kamfanin inshora ya sallama ta, ya saya ya gyara, sannan ya je yanka mata lamba. Abin da za ka ji shi ne, “Na saye ta Yuro dubu bakwai, sun caje ni kamar ta dubu ashirin.” Gaskiya ya faɗa, haka aka yi masa. Ina so mu gane dalilin da ya sa doka ta yi haka, da inda take da gaskiya, da inda take tauye mutum, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu masu saye da sayarwa.

Harajin nan ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1993, ƙarƙashin dokar kuɗi ta 1992. A ranar ce ƙasashen Tarayyar Turai suka buɗe kasuwarsu ta bai ɗaya, aka ɗauke shingen kwastan tsakaninsu. Kafin nan Ailan tana karɓar kuɗi mai tsoka a kan kowace mota da ta shigo, kuma ba ta shirya rabuwa da wannan kuɗin ba. Sai ta ɗauke harajin daga bakin iyaka ta mayar da shi wurin yankar lamba. Tunda babu motar mazaunin ƙasa da za ta hau titi ba lambar ƙasar, ba ta da hanyar zillewa. Hukumar haraji ta ƙasa, wato Revenue, ita ke da harajin, amma tun 2010 cibiyoyin gwajin mota na NCT ne ke duba motar su karɓi kuɗin a madadinta.

Ga inda gizo ke saƙar. Ba a ɗora VRT a kan kuɗin da ka biya. Sashe na 133 na dokar ya ce ana ɗora shi ne a kan farashin da hukuma ke ganin motar za ta yi idan aka sayar da ita ga mai amfani a kasuwar Ailan, tsakanin mutum biyu da ba sani ba sabo, kuma farashin ya haɗa da dukkan haraji. Wannan ƙiyasi shi ake kira OMSP. Ko kyauta aka ba ka motar, ko gado ka ci, ko a gwanjo ka tsince ta da rabin kuɗi, mai ƙiyasi yana tambaya ɗaya ce: nawa za ta yi a nan, yau? Zai duba ƙirarta da shekarunta da tafiyar da ta yi da yanayin jikinta, ya fitar da adadi.

A kan wannan adadin ake yanke kaso, gwargwadon hayaƙin da motar ke fitarwa. Tun Yulin 2008 aka daina la'akari da girman inji aka koma ga hayaƙi. A tsarin da ya fara aiki a Janairun 2022 akwai mataki 20, daga kashi 7 cikin 100 ga motar da hayaƙinta bai wuce giram 50 a kilomita ba, har zuwa kashi 41 ga wadda ta haura giram 190. Bayan wannan akwai wani caji da aka shigo da shi a 2020 kan gubar NOx, wadda injin dizal ya fi fitarwa. Ana biyan Yuro 5 kan kowane miligiram na 40 ɗin farko, Yuro 15 daga 41 zuwa 80, Yuro 25 kan abin da ya haura, kuma cajin yana tsayawa a Yuro 4,850 ga motar dizal, Yuro 600 ga ta fetur. Ku lura da abu biyu. Wannan caji bai san mota ta yi hatsari ko ba ta yi ba, domin ba a kan darajarta yake ba. Sannan wanda ya je ba shi da takardar da ke nuna adadin gubar motarsa, mafi girman cajin za a ɗora masa. Mutum yana iya asarar dubban Yuro a kan takarda guda da bai nema ba kafin ya biya kuɗin mota.

A 2019 an shigo da tsofaffin motoci fiye da 100,000 ƙasar nan, kusan duka daga Birtaniya, saboda sitiyarinmu ɗaya da nasu kuma kasuwarsu ta fi girma. Daga Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, lissafi ya sauya. Motar da ta fito daga Ingila ko Sikotilan ko Wales yanzu sai ta bi ta kwastan. Akwai kuɗin fito kashi 10, sai fa idan ka kawo shaidar cewa asalin ƙirar Birtaniya ce, kamar Nissan Qashqai da ake haɗawa a Sandalan. Volkswagen ko BMW da aka ƙera a Jamus ta zauna shekaru a Ingila, galibi ba ta tsira. Sai harajin VAT kashi 23. Motar Ailan ta Arewa tana da nata hukuncin, amma sai ka tabbatar da takardu cewa da gaske a can take zaune ko an shigar da ita can bisa ƙa'ida, domin hukuma ta daɗe da gano masu tsallako da mota daga Ingila ta kwana biyu a Balfas a ce 'yar can ce.

Bari mu yi lissafi da misali, kowa ya bi da alƙalaminsa. A ƙaddara ka sayi mota mai tabo a kan Yuro 7,000, ka biya 500 na ɗauko ta. Fito kashi 10 na 7,500 ya zama 750. VAT ana ɗora shi kan kuɗin mota da na ɗauko da na fito gaba ɗaya, wato 8,250, ya kama kusan 1,900. Har nan arahar ta amfane ka, domin kwastan da VAT kuɗin da ka biya suke bi. Sai gyara ya ci 4,000. Ranar rajista aka ce lafiyayyar irinta tana yin 20,000 a kasuwar nan, hayaƙinta kuma ya faɗa matakin kashi 20, ka biya 4,000. Dizal ce mai miligiram 60, ka ƙara 500. Jimla 18,650. Kana ganin ka ci ribar 1,350, sai ranar da ka kai ta kasuwa mai saye ya bincika lambarta, ya ga tarihinta, ya taya 16,000 ya ce shi ma don yana sonta ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma da yawa daga cikinmu ba su sa wannan ranar cikin lissafinsu ba.

Wani zai ce, to me zai hana in kai ta da tabonta, a ƙiyasta ta a lalace, in biya kaɗan, sannan in gyara? Masu rubuta doka sun riga shi tunanin. Sashe na 130 ya ce abin da ake yi wa rajista shi ne motar da take iya tafiya da ƙarfin injinta a lokacin da aka gabatar da ita. Wadda aka ɗauko a bayan babbar mota, gaba a markaɗe, ba ta tashi, ba za a yanka mata lamba ba. Agogo kuwa bai tsaya jiranka ba. Doka ta ba ka kwana 7 daga ranar shigowar motar ka nemi ranar dubawa, da kwana 30 ka kammala rajista. Idan ka wuce, ana ƙara maka kashi 0.1 cikin 100 na harajin a kan kowace rana, kuma jami'an hukuma suna da ikon kama motar. Duk wanda ya taɓa jiran kayan gyara ya san wata guda ba komai ba ne, fitila ɗaya ko na'urar jakar iska tana iya cinye shi. Dilolin da hukuma ta ba izini suna iya ajiye mota ba rajista har su gama aikinsu. Kai da ni ba mu da wannan dama. Saboda haka ka nemo bakanike da mai gyaran bodi da kayan gyara tun motar ba ta hau jirgi ba, kuma ka adana takardar jirgin, domin ita ce shaidar ranar shigowa. In ba ka da ita, ana iya fara ƙirga maka tun daga ranar da ke kan rasiɗin saye.

Ba kuma kowace mota mai tabo ce ake gyarawa ba. A Birtaniya, tun Oktoban 2017, masu inshora suna kasa motocin da suka sallama rukuni huɗu. Rukunin A a murƙushe ta ɗungurungum. Rukunin B a cire kayan da ke da amfani, gangar jikin kuma a murƙushe. Waɗannan biyun sun gama da titi, kuma wanda ya ce zai sayar maka da ɗaya ka gyara ka hau, ka guje shi. Rukunin S ita ce wadda bugun ya kai ga ƙashin motar, shasi ko ginshiƙan da ke riƙe da ita. Rukunin N kuwa ƙashin bai taɓu ba. Mutane na jin N sai hankalinsu ya kwanta, alhali matsalar birki ko sitiyari ko wayoyin lantarki duk tana iya faɗawa nan. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a sani: ana rubuta rukunin S a takardar mallakar mota ta Birtaniya, V5C, amma ba a rubuta N. Takarda mai tsabta ba ta nufin mota mai tsabta. Kamfanoni irin su Cartell da Motorcheck a nan, da HPI a can, suna fito da tarihin mota a kan kuɗin da bai kai na cika tanki ba, tarihin gwajin MOT, takwaran NCT a can, kuma kyauta ake dubawa a shafin gwamnatin Birtaniya.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna. Adalci ne a caji motar da aka gyara kamar wadda ba ta taɓa ko ƙwarzane ba? A ganina, rabin hujjar hukuma tana da ƙarfi. Da rasiɗi ake bi, da kowa ya rubuta abin da ya ga dama, kuma mun san yadda rasiɗi ke sauya kama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Da kuma ana ƙiyasta mota a lalace a bar ta ta gyaru daga baya, da ƙasar ta zama juji na motocin da maƙwabta suka yar, mai bin doka ya biya cikakken haraji, mai jawo gawar mota ya biya kwata. Wannan na yarda da shi. Inda ban yarda ba shi ne a ɗauka fenti ya shafe tarihi. Ƙafar da maɗori ya ɗora tana tafiya, amma mai ita ya san ba kamar da ba ce, kuma kasuwar mota ta san haka sarai. Jadawalin da ake ƙiyasi da shi an gina shi ne a kan matsakaicin farashin ƙira da shekara, yayin da dokar ke magana a kan kuɗin da ita wannan motar za ta yi. Idan duk mai saye a Dablin zai rage dubu uku ko huɗu saboda tarihin hatsari, to darajarta ta gaskiya ta ragu ke nan, harajin ma ya kamata ya bi ta.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne, yana da tushe a shari'a. Kotun Tarayyar Turai, a ƙarar Nunes Tadeu ta 1995 da ta Gomes Valente ta 2001, dukansu daga Fotugal, ta yanke cewa harajin da ƙasa ke ɗora wa tsohuwar motar da aka shigo da ita daga wata ƙasar Tarayyar bai kamata ya wuce ragowar harajin da ke cikin darajar irinta ta cikin gida ba. A ƙara ta biyu kotun ta yarda ƙasa ta yi amfani da jadawali, muddin yana nuna faɗuwar daraja ta haƙiƙa. Wannan kariya ta motocin cikin Tarayyar ce, motar Ingila ta fita daga inuwarta tun 2021. Sai dai ma'anar OMSP a dokar Ailan ɗaya ce ko daga ina motar ta fito, kuma ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take ga kowa.

Mutanenmu ba sa shiga wannan ƙofa, kuma abin yana ba ni takaici. Mun taso inda ake ganin gardama da hukuma ɓata lokaci ne, ko kuma sai ka san wani. A nan takarda ce ke magana. Za ka biya harajin tukuna, sannan ka rubuta wa Revenue cikin kwana 60. Idan amsarsu ba ta gamsar da kai ba, kana da kwana 30 ka wuce hukumar sauraron ƙararrakin haraji mai zaman kanta. Kuka da rantsuwa ba sa aiki a can. Abin da ke aiki shi ne hotunan motar kafin gyara da lokacin gyara, takardar gwanjo, rahoton da ke nuna rukuninta, rasiɗan kayan gyara, rahoton injiniya mai zaman kansa, da tallace-tallacen motoci irinta a kasuwar Ailan, masu tarihi da marasa tarihi, don a ga tazarar. Ba na yi wa kowa alƙawarin nasara, kowace ƙara da hujjarta. Amma a misalinmu, idan aka amince darajarta 16,000 ce, harajin ya sauko zuwa 3,200, a maido maka da 800. Kuɗin hayar ɗaki ne na wasu makonni, kuma haƙƙinka ne.

Sai dai, 'yan uwa, wanda ya bi wannan hanya ya ɗaure kansa da wata magana. Ka rubuta wa gwamnati da hannunka cewa motar nan ta yi mummunan karo, darajarta ta faɗi, a rage maka. To idan ɗan uwanka ya zo saye bayan shekara guda, da wane baki za ka ce masa “ba abin da ya taɓa samunta”? Ina jin labarin irin wannan ciniki a tsakaninmu, kuma wanda ake yi wa galibi sabon zuwa ne, wanda bai san Cartell ba, ya amince da kai saboda harshenku ɗaya kuma sahu ɗaya kuke bi a masallaci. Dokar kare masu saye ta 2007 ta haramta wa ɗan kasuwa ɓoye irin wannan bayani ko yin ƙarya a kansa. Cinikin mutum da mutum kariyarsa ba ta kai haka ba, shi ya sa nauyin ya koma kan imani. Malamanmu suna nan, sun fi ni sanin cewa a fiƙihunmu wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da zaɓin mayarwa, kuma kuɗin da aka ci ta wannan hanya ba halal ba ne. Haka ma kamfanin inshora: idan ya tambaye ka tarihin motar ka karkace, ranar da ka fi bukatarsa ita ce ranar da zai binciko.

Asarar kuɗi ma mai sauƙi ce. Motar zamani an ƙera gabanta ne don ya lanƙwashe ya shanye bugu kafin ya iso ga mutanen ciki, kuma sau ɗaya yake yin wannan aikin da kyau. Ƙarfen da aka ja da sarƙa aka gasa da wuta aka shafe da fenti ba zai sake yi ba. Jakar iskar da ta fashe aka ɗinke murfinta aka kashe fitilar gargaɗinta ba za ta buɗe ba. Dubawar ranar rajista ta tantance mota ce da ƙiyasin haraji, gwajin NCT kuma yana duba abin da ido da na'ura ke iya kaiwa, ba ya kankare fenti ya ga walda. Wanda ya ce motarsa ta ci gwaji don haka lafiya lau take, bai faɗi duka ba. Idan rukunin S ce, a kai ta inda ake auna shasi da na'ura, a karɓi rahoto a rubuce, a ajiye shi tare da takardun motar don wanda zai saya nan gaba. 'Ya'yanmu ne ke zama a kujerar baya.

Da yawa a cikinku suna aika mota gida, don haka zan taɓo can kaɗan. Motar nan ba ta zuwa Najeriya saboda sitiyari, tunda ƙasar ta koma tuƙin hannun dama a 1972, sai ku koma gwanjon Amurka irin su Copart da IAA, inda akasarin kayan motocin da inshora ta sallama ne. Rigimar da muka tattauna ita ce ta tashi a tashoshin jiragen ruwa na Legas a Fabrairun 2022, lokacin da hukumar kwastan ta fara ƙiyasta fito ta hanyar lambar shasi. Kwamfuta tana karanta lambar ta fito da darajar ƙirar, masu fiton kaya kuma suka ce ba ta ganin motar da ta zo gaba a markaɗe. Suka janye aiki, aka dakatar da tsarin na ɗan lokaci, aka dawo da shi a watan Mayu bayan gyare-gyare. Bambancin shi ne a can mai saye na ƙarshe, a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ba kasafai yake da hanyar sanin tarihin motar ba. Ana ce masa 'yar Baljiyam ce sabuwa fil, ya biya, ya ɗebi iyali ya hau hanyar Abuja. Kai da ka sayo ta a gwanjo ka ga hotunanta, kana da lambar shasinta. Ka tura hotunan tare da motar, ka gaya wa dillalinka ya nuna wa mai saye.

Lokacinmu ya ja. Adadin da na kawo na haraji yana iya sauyawa a kowane kasafin kuɗi na watan Oktoba, don haka kafin ka taya mota ka shiga shafin Revenue ka duba ma'aunin ƙiyasinsu, kana sane da cewa hasashe yake bayarwa, adadin ƙarshe sai ranar dubawa. Wanda ya riga ya biya VRT a kan mota mai tarihi cikin wata biyun da suka wuce, ya duba kwanan watan da ke kan rasiɗinsa tun yau, ya same ni bayan an tashi mu duba takardunsa tare. Mai tambaya ya ɗaga hannu.